Renon 'yan kwikwiyo a gida: abin da makonni takwas na farko ke buƙata

Kiwon kare a Najeriya ya daɗe da wuce hannun mafarauta da makiyaya kaɗai. A Abuja da Jos da Kaduna da Legas, har da wasu unguwannin Kano, ana samun magidanta da matasa masu ajiye karya ɗaya ko biyu, wasu don gadi, wasu don sha'awa, kuma ba a daɗewa sai tunanin kai ta barbara ya shigo. Irin da aka fi nema su ne Alseshiyan da Rotwaila masu asali daga Jamus, da Bobul na Afirka ta Kudu, da Kokeshiyan mai tulin gashi, sai ƙananan irin su Lasa. Abin da sabon mai kiwo bai cika ji ba kafin ya shiga shi ne cewa mafi yawan 'yan kwikwiyon da ke mutuwa kafin yaye suna mutuwa ne a makon farko, kuma galibi sanyi ne ke kashe su, ko yunwa, ko ƙazanta, ko wahalar da suka sha lokacin haihuwa. Dukkan huɗun nan abubuwa ne da mai gida ke da iko a kansu in ya shirya da wuri.

Kafin ranar haihuwa

Cikin karya yana kai kimanin kwana 63, amma in daga ranar barbara ake lissafi, haihuwa na iya zuwa tsakanin kwana 58 zuwa 68. Shi ya sa rubuta ranar barbara ke da amfani. Yawancin karnuka suna neman barbara sau biyu a shekara, ko da yake karen Azawak na Buzayen Nijar da Mali yakan tsaya ga sau ɗaya. Karyar da bai kamata a kai ta barbara ba ita ce wadda ba ta gama girma ba, musamman a zagayenta na farko, da wadda ba a yi wa rigakafi ba, da wadda za a haɗa da ubanta ko ɗan'uwanta. Haɗin dangi na kusa yana fito da lahanin gado, kuma manyan karnuka irin su Alseshiyan dama suna da matsalar gurɗewar ƙugu da ake gada.

A makonni uku na ƙarshe ne 'ya'yan ke yin mafi yawan girmansu a ciki, don haka a nan ake ƙara wa uwar abinci, ana raba shi kashi-kashi saboda cikinta ya matse. Akwai kuskuren da ya yawaita na ɗura wa karya mai ciki ƙwayoyin sinadarin kalsiyam da nufin ƙarfafa ƙashi. Likitocin dabbobi suna hana hakan, domin yana sa jiki ya yi sakaci da tsarinsa na fitar da sinadarin daga ƙashi, sai a zo lokacin shayarwa ya gaza.

Mako ɗaya ko biyu kafin lokaci ake nuna mata wurin haihuwa don ta saba. Akwati ne na katako, mai faɗin da za ta miƙe sosai a ciki, bangonsa ya hana 'ya'yan fita amma ita ta iya tsallakewa. Ga manyan karnuka, ana kafa ɗan katako a jikin bangon ta ciki, sama kaɗan da ƙasa, yadda kwikwiyon da ya shige bayan uwarsa zai samu mafaka in ta jingina. Karya mai nauyin kilo 50 tana iya danne ɗanta ba ta sani ba. Ɗakin ya zama mai rufi, nesa da sauran karnuka da hayaniyar yara, kuma a duba shi da kyau saboda ɓeraye da cinnaka da kwarkwasa.

Naƙuda

Zafin jikin karya lafiyayya yana tsakanin digiri 38 zuwa 39 a ma'aunin Salsiyas. Kimanin awa 24 kafin naƙuda yakan sauka zuwa 37 ko ƙasa da haka, shi ya sa masu kiwo ke auna shi safe da yamma daga kwana na 56. Sai ta fara ƙin abinci, tana haki, tana tonon shimfiɗa. Wannan mataki na iya ɗaukar awa 6 zuwa 12. In nishi ya fara, 'ya'yan kan zo da tazarar minti 30 zuwa awa ɗaya, wani da kai, wani da ƙafafun baya, kuma duka biyun daidai ne a wurin kare.

Mafi yawan lokaci uwar ce ke yin komai: ta yaga jakar da ɗan ya fito a ciki, ta cije cibiya, ta lashe shi har ya yi kuka. In ta yi biris, musamman mai haihuwar fari, sai mai kiwo ya yaga jakar daga fuska, ya share hanci da baki, ya goge jikin da tawul mai tsabta da ɗan ƙarfi. Cibiya ana ɗaure ta da zare kimanin santimita 2 daga ciki, a yanke, a shafa aidin. Tsohuwar dabarar nan ta wujijjiga kwikwiyo a iska don fitar da ruwa daga hancinsa an daina ta, domin tana iya raunata ƙwaƙwalwa. Yana da kyau a ƙirga mabiyiya, kowane ɗa da tasa.

Alamun da ke nuna a nemi likita nan take su ne nishi mai ƙarfi na minti 30 ba tare da ɗa ya fito ba, ko wucewar fiye da awa biyu alhali akwai saura a ciki, ko fitar ruwa kore kafin a haifi ko da ɗaya, wanda ke nufin mabiyiya ta rabu da mahaifa kuma ɗan na cikin haɗari. Allurar gaggauta naƙuda da wasu ke saya a kemis su yi da kansu ta fi kowane kuskure muni a wannan dare, domin in ɗa ya toshe hanya, mahaifa na iya fashewa. Lambar wayar likitan da zai amsa kira da tsakar dare tana cikin kayan haihuwa, kamar tawul da zare.

Ɗumi

Kwikwiyo yana zuwa duniya ido a rufe, kunne a toshe, kuma ba ya iya riƙe zafin jikinsa. A kwanakin farko ko rawar ɗari ba ya iya yi. Zafin jikinsa a makon farko yana tsakanin digiri 35 zuwa 37, kuma daga jikin uwa da 'yan'uwansa yake samun sa. In ya sauka ƙasa da haka, hanjinsa ya daina aiki, ya kasa tsotso, sukarin jininsa ya faɗi, uwar kuma takan ture shi gefe, sai sanyin ya ƙaru. Wannan zagaye kan gama da kwikwiyo cikin 'yan sa'o'i.

Abin da ake so a cikin akwatin shi ne digiri 29 zuwa 32 a kwanaki huɗu na farko, a sauke zuwa kusan 27 a ƙarshen mako na farko ko farkon na biyu, sannan zuwa 22 ko 24 a mako na huɗu. Littattafan da aka rubuta a Turai suna ba da shawarar fitilar ɗumama ta lantarki, amma a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wanda ya dogara da ita kaɗai ya yi ganganci. A daren hunturu a Jos ko Zariya ko Kano, awa uku ba wuta sun isa su yi ɓarna. Gorar roba da aka cika da ruwan ɗumi aka naɗe da tawul ta fi aminci, in dai za a riƙa canza ruwan, domin gorar da ta huce zuƙe zafin jikinsu take yi. A ajiye ta a gefe ɗaya na akwatin, yadda wanda zafi ya ishe shi zai ja jiki ya matsa. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa, da janareta kusa da taga, iskar da suke fitarwa ba ta da wari kuma tana kashe kwikwiyo da mai shi baki ɗaya.

A bazara lamarin juyawa yake yi. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, ɗakin kwano na iya zama tanda, kuma uwa mai yawan gashi irin Kokeshiyan takan guje wa 'ya'yanta don neman sanyi. A nan inuwa da shigar iska da wadataccen ruwan sha ake nema, ba tare da an saita fanka a kan 'ya'yan ba. Su kansu suna nuna halin da suke ciki: in sun cure wuri guda suna kuka, sanyi ne, in sun watse kowa a kusurwarsa baki buɗe, zafi ne, in sun kwanta kusa da juna shiru, suna ɗan zabura cikin barci, komai daidai.

Dakashi da sikeli

Nonon farko, wato dakashi, shi ne ke ɗauke da kusan dukkan garkuwar da kwikwiyo zai samu daga uwarsa, domin kaɗan ce ƙwarai ke ratsawa ta mabiyiya. Hanjinsa kuma yana karɓar wannan garkuwa ne a sa'o'in farko kawai. Bayan awa 12 ƙofar ta fara rufewa, zuwa awa 24 ta rufe. Don haka kowane ɗa sai an tabbatar ya kama nono da wuri, kuma mai rauni a ɗora shi a kan nonon baya, waɗanda suka fi ruwa.

Kayan aikin da ya fi kowane muhimmanci a wannan lokaci shi ne ƙaramin sikelin kicin mai auna giram. Ana auna kowane kwikwiyo da zarar ya bushe, sannan kullum a lokaci guda, a rubuta a littafi. In kamanninsu ɗaya, sai a bambanta su da zare mai launi a wuya, ana sassauta shi yayin da suke girma. Ɗan ƙaramin iri na iya zuwa da giram 100 zuwa 200, na babban iri kuma 400 zuwa 600 ko fiye. Raguwa kaɗan a ranar farko ba abin tsoro ba ce, amma daga nan ya kamata ya riƙa ƙaruwa da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari kullum, ya ninka nauyin haihuwarsa cikin kwana 10 ko kusa da haka. Sikeli yakan gano kwikwiyon da ke dusashewa kwana guda kafin ido ya gani, kuma kwana gudan nan ne galibi ake iya ceto shi a ciki.

Idan uwa ta mutu, ko nono ya ƙi zuwa, ko 'ya'yan sun yi mata yawa, sai shayarwa da hannu. Madarar shanu, ta gwangwani ko ta gari, ba ta isa ba: nonon karya ya ninka ta a maiƙo da sinadarin gina jiki, ita kuma ta fi shi sukarin madara, wanda ke jawo gudawa. Akwai madarar da aka haɗa musamman don 'yan kwikwiyo a shagunan kayan dabbobi na manyan birane, kuma ya fi kyau a saye ta kafin haihuwa. Ana ba da ita da ɗumin jiki, duk awa biyu zuwa uku a makon farko, dare da rana, kuma cikin jariri ba ya ɗaukar fiye da mililita 4 a kowane giram 100 na nauyinsa a shan guda. Yana kwance a kan cikinsa ake ba shi, kamar yadda yake shan uwarsa. Wanda aka kwantar rigingine kamar jaririn mutum, madara na iya shiga huhunsa. Kwikwiyon da jikinsa ya yi sanyi ba a ba shi komai sai an ɗumama shi a hankali, cikin awa ɗaya ko fiye. Bayan kowane sha kuma sai a shafa ƙasan cikinsa da auduga mai ɗumi, domin har zuwa mako na uku ba ya iya fitsari ko kashi da kansa. Lasar uwa ce ke sa shi.

Uwar ma tana buƙatar ido. A mako na uku da na huɗu, lokacin da shayarwa ta kai ƙololuwa, tana iya cin ninki biyu zuwa uku na abincinta na kullum, kuma ragowar tuwo da ƙashi ba za su riƙe ta ba. Fitar ruwa mai duhu ba wari na 'yan makonni al'ada ce. Mai wari tare da zazzaɓi alamar ciwon mahaifa ce. Nonon da ya kumbura, ya yi tauri da zafi, yana buƙatar magani. In kuma ta fara haki, tana rawar jiki, ƙafafu na sandarewa, to kalsiyam ɗin jininta ne ya faɗi, abin da ya fi kama ƙananan iri masu 'ya'ya da yawa, kuma yana kisa cikin sa'o'i in ba a yi mata allura ta jijiya ba.

Tsutsa, kaska da ƙudan tumbu

Kusan kowane kwikwiyo ana ɗaukarsa a matsayin mai tsutsar ciki tun daga haihuwa. Doguwar tsutsar nan mai kama da taliya tana ratsawa ta mabiyiya tun yana ciki, mai ƙugiya kuma, wadda ke shan jini, tana bin nono. Alamarsu katon ciki da rama da farin dasashi. Ana ba da magani irin firantel a mako na 2, na 4, na 6 da na 8, gwargwadon nauyi, ana haɗawa da uwar. Batun ya shafi mutanen gida kai tsaye, domin ƙwan tsutsar da ke cikin kashin kare na iya shiga jikin yaron da ke wasa da ƙasa, har ya taɓa hanta ko ido. Kwashe kashi kullum da wanke hannu da sabulu su ne kariya.

Kaska da ƙuma suna iya shanye jinin ɗan kwikwiyo, kaska kuma na ɗauke da cututtukan jini. Sai dai yawancin magungunansu sun fi ƙarfin jariri, don haka ana tsabtace uwar da ɗakin tun kafin haihuwa, a cire na jikin 'ya'yan da hannu. Maganin ƙwari na gona da wasu ke diga wa kare a wuya guba ne. Haka farasitamol da sauran magungunan ciwon jiki na mutane.

Akwai kuma matsalar da littattafan ƙasashen sanyi ba sa ambata: ƙudan tumbu. Yana zuba ƙwai a yashi mai inuwa ko tsumman da fitsari ya jiƙa, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda fata, sai a ga ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya a ciki da ƙafafu da jela. 'Yan kwikwiyon da ake ajiyewa a kan ƙasa ne suka fi kamuwa, musamman da damina. Daɓen siminti, da shimfiɗa busasshiya da ake canjawa kullum, da guga ga tsumman da aka shanya a waje, sun isa su kare su.

Buɗe ido, yaye da sabo

Ido na buɗewa tsakanin kwana 10 zuwa 14, kuma ba a buɗe shi da hannu. Kunne na biyo baya. A mako na uku sun fara tafiya da tangaɗi, haƙora sun fara fitowa, kuma a nan ake fara yaye: abincin 'yan kwikwiyo da aka jiƙa da ruwan ɗumi ya zama kamar kunu, a faranti marar zurfi, sau uku ko huɗu a rana, ana rage ruwan sannu a hankali har zuwa mako na shida ko na bakwai.

Binciken da John Paul Scott da John Fuller suka shafe shekaru suna yi a jihar Maine ta Amurka, wanda suka wallafa a 1965, ya nuna cewa akwai ɗan lokaci, daga kimanin mako na 3 zuwa na 12, da halin kare ke ginuwa game da mutane da sauran halittu. Wanda bai saba da hannun mutum ba a wannan tsakani, da wuya ya saki jiki daga baya. Wannan ya ci karo da ra'ayin da ya yaɗu cewa karen gadi sai an kulle shi a keji, ba ya ganin kowa, kafin ya yi zafi. Abin da ake samu daga irin wannan reno kare ne matsoraci, kuma matsoracin kare mai kilo 60 ba ya bambance ɓarawo da yaron maƙwabta ko almajirin da ya zo ɗaukar wanki. Ya kamata su saba da taɓawa, da muryoyin maza da mata da yara, da ƙarar babur da janareta, da ganin kaji da awaki, duk a cikin gida kuma a hankali.

Rigakafi

Garkuwar dakashi tana raguwa a makonni, kuma ba a lokaci ɗaya take ƙarewa ga kowane ɗa ba. Muddin tana da ƙarfi, tana hana allurar rigakafi aiki. Shi ya sa ake maimaitawa: ta farko a mako na 6 zuwa 8, sannan duk bayan mako 2 zuwa 4 har ya kai mako 16. Babbar abokiyar gaba ita ce cutar fabo, wadda ta ɓulla a duniya a 1978, mai zuwa da amai da gudawar jini, kuma ƙwayarta na rayuwa watanni a ƙasa. Takalmin baƙon da ya zo kallon 'yan kwikwiyo bayan ya zaga wasu gidajen kiwo ya isa ya shigo da ita. Ruwan bilic da aka sirka, kashi ɗaya cikin talatin na ruwa, yana kashe ta a daɓe. Allurar kuma dole ta kasance an adana ta tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka inda aka samo ta na da muhimmanci. Asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri, da asibitocin dabbobi na jihohi, da likitocin da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya ta yi wa rajista, sun fi mai yawo da sirinji a jaka.

Allurar haukan kare ana yin ta ne a wata uku, wato bayan kwikwiyo ya bar gidan haihuwarsa, saboda haka nauyi ne a kan mai kiwo ya jaddada wa wanda ya karɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana cikin masu samar da allurar a gida.

Rabuwa

Ba a raba kwikwiyo da uwarsa da 'yan'uwansa kafin mako takwas, ko da ya daina shan nono. A makonnin ƙarshen nan ne yake koyon sassauta cizo, domin in ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi wasa ya tsaya. Waɗanda ake gani a kwali a bakin titi, 'yan mako huɗu ko biyar, an hana su wannan darasi, kuma yawancinsu ba rigakafi.

Ga mai kiwo Musulmi akwai batun hukunci. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta fi rinjaye a ƙasar Hausa, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta riƙe shi don farauta da tsaron dabbobi da gona. Cinikinsa ne ke da magana: Risalar Ibn Abi Zaid ta kawo hani a kan sayar da karnuka, tare da ambaton saɓanin malamai game da wanda aka yi izinin riƙewa. Wanda ke da niyyar sayarwa ya kamata ya tambayi malaminsa tun kafin barbara, domin karya babba na iya haifar takwas ko goma, kuma kowannensu sai an sama masa gida. Ranar miƙa shi, yana tafiya da katinsa mai ɗauke da ranar haihuwa, da ranakun maganin tsutsa, da allurar da aka yi da sa hannun likita, da ranar ta gaba, tare da abincin 'yan kwanaki irin wanda ya saba ci, don canji na farat ɗaya yana ɓata masa ciki.